In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Bayan godiya ga Allah da salati ga fiyayyen halitta, maganar da ke gaban jama'a yau ita ce maganar gargaɗi, watau sautin da ake yi domin a sanar da mutane cewa masifa tana tafe, ko kuge ne, ko ƙararrawa, ko jiniya, ko kukan wayar da ke cikin aljihu. Magana ce wadda ta shafi rai da dukiya, saboda haka ta shafi malami da almajiransa, ta shafi attajiri da rumfarsa.

A daren Litinin, wayewar Talata 10 ga Satumba 2024, cikin farkon watan Maulidi, madatsar ruwa ta Alau da ke bisa kogin Ngadda ta ɓalle. Tsakaninta da birnin Maiduguri kimanin mil 12 ne. Ruwa ya biyo kwari cikin duhu, ya tarad da mutane da yawa suna barci. Ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da Kasuwar Monday, ya rusa katangar gidan yari, ya saki namun dawa daga gidan da ake ajiye su. Ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu, wasu ba su fita da kome ba sai tufafin da ke jikinsu. Alhali kuwa ba baƙon al'amari ba ne, domin wannan madatsa ta taɓa yi wa birnin ambaliya a 1994, kuma kwanaki kafin ta ɓalle ana ta zancen cikarta. Sanin haɗari yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sauti guda wanda duk gari ya san shi, ya yarda da shi, ya kuma san abin da zai yi in ya ji shi. Ba a cika shekara ba, ranar 29 ga Mayu 2025, ruwa ya sāke afka wa Mokwa, zangon fatake tsakanin Arewa da Kudu, kafin gari ya waye, aka ƙirga gawa fiye da 150.

Magabata ba su jahilci wannan fanni ba. Birni yana da ganuwa, ganuwa tana da ƙofa, ƙofa tana da sarkinta mai rufe ta da dare. Kadan aka buga kuge, kowa ya san magana ce daga fada, sai a yi tsit a saurari mai shela. Tambari kuwa ba kowa ke taɓa shi ba, kuma ba kowace rana ake kaɗa shi ba. Shi ya sa in ya yi kuka, manomi ya ajiye fartanya, maƙeri ya ajiye masaba. Larabawan dauri ma suna da irin tasu al'ada: mai tsaro in ya hango mahara daga nesa, ya ga muryarsa ba za ta kai ba, sai ya tuɓe rigarsa ya riƙa kaɗa ta a sama, mutanensa su gane babu sauran zama. Bayan haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da jiniyarsa, mota ta biyo da odarta, rediyo ya shigo zaure, waya ta shiga aljihun yaro da babba. Kayan aiki sun ƙaru ƙwarai. Amma sharuɗɗan da gargaɗi yake tsayuwa a kansu ba su sāke ba tun zamanin kuge, su ne guda uku: ya isa kunne, ya zama gaskiya, a kuma san ma'anarsa. Kadan ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba su da amfani.

Sharaɗi na farko shi ne isa. A wannan ƙasa akwai hukumar hasashen yanayi da ake kira NiMet, akwai kuma hukumar lura da koguna da ake kira NIHSA. Kowace shekara, kafin damina ta faɗi, sukan fitar da bayanin jihohi da ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Haka nan hukumomin Kamaru sukan aiko da sanarwa in za su saki ruwan madatsar Lagdo da ke bisa kogin Binuwai. Duk da haka ambaliyar 2022 ta ci rai fiye da 600, ta raba fiye da mutum miliyan 1 da muhallinsu. Dalili kuwa a fili yake: takardar da aka karanta a zauren taro a Abuja, cikin Turanci, ba ta tada mai barci a bakin gulbi. Gargaɗi kamar kaya ne a hannun fatake. Muddin bai sauka a ƙofar mai shi ba, ba a ce ya iso ba.

Mai karatu ya dubi Bangaladash, ƙasa ce ta Musulmi, ba ta cikin ƙasashe masu arziki, kuma guguwar teku ba ta rabuwa da ita. A watan Nuwamba 1970 guguwa ɗaya ta hallaka aƙalla mutum 300,000 a can. Bayan wannan musiba sai aka kafa ƙungiyar 'yan sa kai tun daga 1972, gwamnati da ƙungiyar agaji suka haɗa hannu a kanta, har yawansu ya kai dubbai goma-goma, maza da mata. Makamansu ba masu tsada ba ne: keke, da lasifikar hannu, da jiniya wadda ake juyawa da hannu, da tutoci. Tuta ɗaya tana da ma'anarta, biyu sun fi ta tsanani, uku kuwa a tashi ke nan. Labari yakan fito daga ofishin yanayi ta rediyo, ya sauka hannun ɗan sa kai na ƙauye, shi kuma ya bi gida gida, ladanai su maimaita a lasifikar masallaci. An kuma gina dogayen gidajen siminti inda za a fake, waɗanda makarantu ne a sauran kwanaki. A 1991 guguwa ta ci kimanin mutum 138,000. A 2007 wata mai tsanani ta zo, mamata suka tsaya a 'yan dubbai. A 2020 aka kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin guguwa ta sauka, mamata ba su kai 100 ba. Iskar ba ta rage fushi ba. Labari ne ya riƙa riga ta isowa.

Kada kuma a ɗauka arziki kaɗai yana wadatarwa. Jamus ƙasa ce mai dukiya da ilmi, amma a watan Yuli 2021 ambaliya ta kashe fiye da mutum 180 a cikinta, mafi yawansu a kwari ɗaya cikin dare ɗaya. Masu hasashe sun faɗa tun da kwanaki, sai dai garuruwa da yawa sun riga sun kwance jiniyoyinsu na dauri, suna zaton zamani ya wuce su. Bayan an binne mamata sai aka koma kafa su, aka kuma shigo da wata dabara a 2023 wadda wasu ƙasashe suka daɗe da ita: saƙo yakan fito daga turken waya ya faɗa cikin kowace wayar da ke wannan yanki a lokaci ɗaya, ba ya bukatar sanin lambar kowa, ba ya bukatar kati, kuma yakan zo da wani kuka mai tsanani dabam da na kira. A Japan har girgizar ƙasa ake yi wa haka tun 2007. Girgiza tana da ɗan motsi mai sauri da ke riga babban motsi mai rusa gini. Na'ura takan ji na farkon, ta aika da labari da saurin lantarki, mutane su sami 'yan daƙiƙoƙi na kashe wuta da fakewa, jiragen ƙasa su ja birki da kansu. Dabara ce mai kyau, ya kuwa kamata a nemo ta. Amma wayar da cajinta ya ƙare ba ta kuka, saƙon Turanci kuma ba ya amfanin wanda ajami kaɗai yake karantawa. Saboda haka na'ura ba ta kore ladan da mai unguwa. Ƙari ce a kansu.

Sharaɗi na biyu shi ne gaskiya. Malamai sun san labarin ranar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hau dutsen Safa ya yi kira irin wanda Larabawa suke yi in hari ya taso. Kafin ya faɗi abin da ya zo da shi, sai da ya tambayi mutanensa ko za su gaskata shi in ya ce akwai mahaya a bayan dutse, suka amsa za su gaskata, domin ba su taɓa jarraba shi da ƙarya ba. Jarin mai gargaɗi ke nan, ba shi da wani. Kamar amanar ɗan kasuwa ce: shekaru ake yi ana tara ta, ciniki ɗaya na ha'inci ya zubar da ita.

Ranar 13 ga Janairu 2018, a tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, wani ma'aikaci ya aika wa dukan wayoyin jama'a cewa makami mai linzami yana tafe, kowa ya nemi mafaka, alhali gwaji ne ake yi a ofis. Minti 38 aka yi kafin a aiko da gyara. Cikin wannan ɗan lokaci iyaye sun ɓoye 'ya'yansu, wasu sun yi ban kwana da danginsu. Wancan kuskure ne na rana ɗaya, aka kuma yi bincike a kansa. Abin da ya fi shi muni shi ne wanda ya zama ruwan dare a titunan wannan ƙasa. Dokar hanya ta taƙaita busa jiniya ga motar asibiti da 'yan kwana-kwana da jami'an tsaro a bakin aiki da wasu ƙididdigaggun shugabanni. Amma ga shi kowane mai ɗan muƙami, da mai neman a san ya iso, har da 'yan rakiyar amarya, kowa na busa ta. Kunne kuwa yana gajiya. Direban da aka kora gefen hanya sau goma domin wani ya je ɗaurin aure, ran na goma sha ɗaya ba zai kauce ba, ranar kuwa mai naƙuda ce a cikin motar. Wanda ya busa jiniya ba bisa haƙƙi ba ya ci dukiyar da ba tasa ba, domin ya kashe amincin da marar lafiya yake bukata gobe.

Haka hukuncin yake ga mai yaɗa saƙon murya a WhatsApp cewa madatsa kaza ta fashe ko mahara sun shigo unguwa kaza, bai gani ba, bai tambaya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an tattake yara a guje, an bar rumfuna a buɗe ga ɓarayi, kuma ranar da gaskiya ta zo sai a ce irin ta jiya ce. Yana da ɗan'uwa a ofis, shi ne ma'aikacin da ya ga haɗari da idonsa ya ce a yi shiru kada hankalin jama'a ya tashi. Wannan da wancan duk maƙaryata ne. Ɗaya ya ƙara, ɗaya ya rage.

Sai dai a nan akwai bambanci da ya wajaba jama'a su kiyaye. Kadan masana suka duba da iyakar saninsu suka ce a tashi, aka tashi, ruwa kuma bai zo ba, wannan ba ƙarya ba ce, kuma ba abin yi wa dariya ba ne. Attajiri yana biyan mai gadi wata goma sha biyu, ɓarawo bai zo ko dare ɗaya ba, bai taɓa cewa ya yi asarar kuɗinsa ba. Kwana ɗaya a farfajiyar makaranta bisa tudu ya fi sauƙi bisa neman gawar ɗa a cikin laka.

Sharaɗi na uku shi ne sanin ma'ana. Ranar 26 ga Disamba 2004 ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku kusa da Indunusiya, igiyar ruwa ta tashi ta hallaka kimanin mutum 230,000 a ƙasashe 14. Sai da ta yi wajen sa'a 2 kafin ta kai Siri Lanka da Indiya, amma a lokacin babu tsarin gargaɗi a wannan teku, mutane na bakin gaɓa suna kallon ruwa yana janyewa, wasu har suna bin sa suna tsintar kifi. To, akwai wani tsibiri kusa da inda girgizar ta faru, ana ce da shi Simuluwe, mutanensa sun fi 70,000. Irin wannan igiya ta taɓa cinye kakanninsu a 1907, waɗanda suka tsira suka sa labarin cikin tatsuniya da waƙar reno: in ƙasa ta girgiza, teku ya janye, a bar kome a hau dutse. Da ranar ta zo, ba jiniya, ba waya, duk tsibirin ya nufi tudu. Mamatansu ba su kai 10 ba. Kunne ya girmi kaka, in ji Hausawa. Ilmin da aka zuba a kunnen yaro shekara kusan 100 ya biya bashinsa cikin safiya ɗaya.

Kishiyar wannan ta faru a Hawai ɗin nan dai, a garin Lahaina, ranar 8 ga Agusta 2023. Wutar daji ta afka wa garin, ta kashe kimanin mutum 100. Akwai jiniyoyi a kafe, amma ba a busa su ba. Hujjar da hukuma ta bayar ita ce jama'a sun saba jiniya ta igiyar teku ce, ana tsoron in sun ji ta su gudu tudu, inda wutar take. Ko an karɓi wannan hujja ko ba a karɓa ba, darasin ɗaya ne: sautin da ba a yi ittifaƙi a kan ma'anarsa ba tun ana zaune lafiya, ba ya amfani ran tashin hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa Faransa take gwada jiniyoyinta ranar Laraba ta farkon kowane wata da tsakar rana, Japan kuma ta keɓe 1 ga Satumba kowace shekara domin yara da manya su gwada gudun tsira. Shi ya sa kuma masu ƙera ƙararrawar gida suka daidaita kukanta: uku-uku da ɗan shiru a tsakani, hayaƙin gobara ke nan, huɗu-huɗu kuwa gubar nan ce marar launi marar wari da ke fita daga janareta da gawayi, wadda takan kwantar da iyali duka a ɗaki rufaffe, a wayi gari babu mai tashi.

Wani zai ce, ai ajali ba ya jin ƙararrawa, abin da Allah ya hukunta babu makawa. Gaskiya ne, amma wanda ya hukunta ajali shi ne ya hukunta sababi. An umurci mai raƙumi ya ɗaure shi kāna ya yi tawakkali, kuma Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka a can, bai ga haka ya saɓa wa imani da ƙaddara ba. Wanda ya ji gargaɗi ya gyara kwanciya, ba tawakkali ya yi ba, sakaci ya yi, kuma alhakin waɗanda ke ƙarƙashinsa yana wuyansa.

Saboda haka ga abin da ya kamata kowane ɓangare ya ɗauka.

'Yan kasuwa ba su bukatar a tuna musu gobarar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016, wadda ta tashi da dare ta cinye dubban shaguna, ko ta babbar kasuwar Sakkwato a farkon 2021. Wutar kasuwa tana fara ne ƙarama, a waya ɗaya ko a rumfa ɗaya, kuma mintocin farko su ne ke raba asarar shago da asarar layi. Ya kamata Sarkin Kasuwa da shugabannin layi su sa kowane layi ya mallaki jiniyar hannu wadda ba ruwanta da lantarki, a ajiye ta wurin masu gadi. Ƙararrawar hayaƙi mai batir ba ta kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba. A rataya ta a kowane sito, a riƙa duba batirinta. A rubuta lambar 'yan kwana-kwana da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a kowace ƙofa, da boko da ajami. A kuma bar hanya a buɗe, domin kiran motar ruwa ba shi da amfani in tebura sun toshe mata layi.

Malaman tsangaya su tuna almajirai amana ne, suna kwana da yawa a zaure ɗaya mai ƙofa ɗaya, ga wutar jin ɗumi da hunturu, ga makarantu da yawa a bakin kwari. Malamin da ya iya sa yaro ya haddace izu sittin ba zai kasa koya masa abu uku ba: wane sauti ne na wuta, wane ne na ruwa, ina ake taruwa. A gwada sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya kafin hunturu, a ƙirga kawuna, a ɗora wa kowane gardi ƙolawan da zai riƙe.

Sarakuna da hakimai su ɗaura igiyar labari tun daga mai gadin madatsa zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, zuwa ladan, kowa ya san wanda zai kira da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. A tsai da lafazi ɗaya gajere, da harshen mutanen wurin, wanda ba ya kama da kiran salla ko sanarwar jana'iza, a kuma hana kowa furta shi a lasifika sai da izini, kamar yadda aka tsare tambari a da.

Gwamnati kuwa nata ya fi na kowa nauyi. Ta kafa jiniya a kowane gari da ke ƙarƙashin madatsa, ta sanar da ranar gwajinta. Ta tilasta wa kamfanonin waya su buɗe hanyar saƙon yanki, da Hausa da Kanuri da Fulfulde da sauran harsuna. Ta ƙwace jiniya daga hannun wanda doka ba ta ba shi ba, kome girman rawaninsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya zai kasance ƙarƙashin inuwar gargaɗi; alkawarin ba zai sauka Gashuwa ko Haɗeja da kansa ba sai an tafi an ɗauko shi.

Damina za ta komo, hunturu ma zai komo, madatsu suna ƙara tsufa, kasuwanni suna ƙara cunkoso. Gemun Maiduguri da na Mokwa sun riga sun kama wuta, saura kowa ya shafa wa nasa ruwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma sai an sami mai faɗa, mai gaskiya, da kunnen da aka koya wa ji tun kafin ranar. Allah ya kiyashe da jama'a daga ihu bayan hari, ya jiƙan waɗanda ruwa da wuta suka ci, ya mayar wa masu asara da mafi alheri. Amin. Wassalamu.